Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi: Dacewar Manhaja da Makomar Kwamfutocin da Suka Kauce wa Tafarkin IBM

Tsakanin shekarar 1977 da tsakiyar shekarun 1990, kamfanoni masu yawa a Amurka da Turai da Japan sun ƙera ƙananan kwamfutoci na amfanin mutum ɗaya, kowanne bisa nasa tsari, amma zuwa ƙarshen wannan lokaci kusan duk kasuwar duniya ta koma hannun zuriya guda, wato na'urorin da suka bi tsarin kwamfutar IBM, in ban da ɗan kason da kamfanin Apple ya riƙe. Da yawa daga cikin na'urorin da suka ɓace sun fi waɗanda suka gaje su sauri ko kyan hoto ko arha, saboda haka ingancin ƙira shi kaɗai bai isa ya bayyana yadda aka yi aka kai ga haka ba. Abin da ya fi tasiri shi ne dacewar manhaja. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta yi wani aiki, kamar lissafin kuɗi ko tsara wasiƙa, dacewa kuwa ita ce manhajar da aka rubuta wa wata na'ura ta yi aiki a kan wata ba tare da an sake mata komai ba.

Hawa uku na kwamfuta

Kowace kwamfuta hawa uku gare ta. Na ƙasa shi ne jikin na'urar, wanda ya haɗa da masarrafa, wato ɗan guntun da ke aiwatar da umarni, da ma'adanar bayanai da allon nuni da mazubin faifai. Na tsakiya shi ne babbar manhaja, wadda ke shiga tsakanin jikin na'ura da sauran manhajoji, tana buɗe musu fayil tana kuma aika musu rubutu zuwa allo. Na sama shi ne manhajojin aiki, waɗanda domin su ne mai saye ke fitar da kuɗinsa. Kwamfutoci uku da suka buɗe kasuwa a 1977, wato Apple II da Commodore PET da TRS-80 ta kamfanin Tandy, sun sha bamban a hawa na ƙasa da na tsakiya, ta yadda duk wanda ya rubuta manhaja sai ya sake rubuta wa kowace tata. Da manhajar VisiCalc ta Dan Bricklin da Bob Frankston ta fito a 1979, wadda ita ce jadawalin lissafi na farko da ya yaɗu, wato shafi mai gidaje da ke sake lissafa kansa da zarar an canza adadi guda, a kan Apple II kaɗai take aiki da farko, sai akantoci da 'yan kasuwa suka riƙa sayen Apple II domin su samu VisiCalc. Tun daga nan ta bayyana cewa manhaja ce ke jan na'ura zuwa kasuwa.

An yi yunƙurin magance wannan rarrabuwa tun da wuri. Gary Kildall, wanda ya kafa kamfanin Digital Research, ya rubuta babbar manhajar CP/M a 1974, daga baya kuma ya ware duk abin da ya shafi jikin na'ura a wani ƙaramin sashe da ya kira BIOS, domin kowane maƙeri ya gyara wannan sashe kaɗai ya bar sauran yadda yake. Dabarar ta sa manhajoji irin su WordStar da dBase II suka yi aiki a na'urorin kamfanoni daban-daban, sai dai kowane kamfani yana tsara faifansa yadda ya ga dama, har ya zama faifan kwamfutar Osborne ba ya karantuwa kai tsaye a kwamfutar Kaypro, kuma dole mai sayar da manhaja ya ajiye ta a tsare-tsaren faifai barkatai.

Yadda IBM ta zama ma'auni

Ranar 12 ga Agustan 1981 kamfanin IBM ya gabatar da kwamfutarsa samfurin 5150 a kan dala 1,565, wadda wata tawaga ƙarƙashin Don Estridge ta haɗa a Boca Raton ta jihar Florida cikin kimanin shekara guda. Gaggawar da aka yi ta sa tawagar ta sayo kusan komai daga waje: masarrafar 8088 daga Intel, babbar manhaja kuma daga Microsoft, wanda shi ma sayenta ya yi daga kamfanin Seattle Computer Products, kuma ya riƙe 'yancin sayar da ita ga wasu maƙera da sunan MS-DOS. IBM ta wallafa cikakken bayanin ƙirar a littafi, har da rubutun BIOS ɗinta, domin masu ƙera kayan haɗi da masu rubuta manhaja su samu sauƙi, ta dogara da dokar haƙƙin mallaka ta hana kowa kwafar wannan rubutu.

A tunanin maƙera da yawa na wancan lokaci, MS-DOS za ta zama sabuwar CP/M, wato duk wanda ya sanya ta a na'urarsa ya shiga sahu, sa'annan yana da damar inganta jikin na'urar yadda yake so. Wannan lissafi bai fita ba saboda wani dalili na fasaha. Hanyar da MS-DOS ke bi wajen rubutu a allo tana da nawa, ba ta kuma tanadi komai game da zane ba, don haka masu rubuta manhaja suka riƙa tsallake ta suna aika bayanai kai tsaye zuwa wuraren da IBM ta keɓe wa allo a cikin ma'adana. Manhajar Lotus 1-2-3, wadda Mitch Kapor da Jonathan Sachs suka fitar a Janairun 1983 ta kuma ture VisiCalc cikin ɗan lokaci, da wannan hanya ta samu saurinta. Daga nan ma'aunin ya tashi daga babbar manhaja ya koma jikin na'urar IBM kanta, har mujallu da dillalai suka ɗauki al'adar gwada kowace sabuwar kwamfuta da Lotus 1-2-3 da wasan tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator, wadda ta kasa ɗaukar su a ce ba ta dace ba.

Waɗanda suka yi kusa ba su kai ba

Na'urorin da wannan sauyi ya fi cutarwa su ne waɗanda ke ɗauke da MS-DOS amma jikinsu ya bambanta da na IBM. Kamfanin Digital Equipment, wanda a lokacin yana cikin manyan maƙeran kwamfuta na duniya, ya fitar da Rainbow 100 a 1982 da masarrafa biyu, Z80 da 8088, domin ta ɗauki manhajojin CP/M da sababbi gaba ɗaya, amma tsarin faifanta nata ne ita kaɗai, kuma da farko mai ita ba ya iya shirya sabon faifai da kansa, sai ya sayi shiryayye daga kamfanin. Victor 9000, wadda Chuck Peddle ya tsara aka kuma sayar da ita a Turai da sunan Sirius 1, faifanta na iya ɗaukar megabait 1.2 a lokacin da na IBM na farko ke ɗaukar kilobait 160, allonta kuma ya fi kaifi nesa ba kusa ba; ta yi kasuwa a Turai kafin IBM ta iso can a 1983, amma a 1984 kamfanin Victor ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Tandy 2000 ta 1983, mai masarrafar 80186, ta fi kwamfutar IBM sauri, sai dai kowace babbar manhajar aiki sai an yi mata bugu na musamman, kuma kamfanonin manhaja ba su ga ribar yi wa 'yan tsirarun masu saye wannan wahala ba. Da Tandy ta fitar da samfurin 1000 a ƙarshen 1984, wanda bai kai na baya ƙarfi ba amma ya dace da manhajojin IBM, sai ta samu cinikin da ta rasa. Kamfanin Apricot na Birtaniya ma ya sauka daga tsarinsa ya koma na IBM a 1986.

Waɗanda suka ci riba su ne waɗanda suka ajiye burin fin IBM suka sa gaba wajen yin daidai da ita. Shari'ar Apple da Franklin ta 1983 ta tabbatar da cewa dokar haƙƙin mallaka ta shafi umarnin da aka dasa a cikin guntun na'ura, don haka kwafar BIOS kai tsaye ta haramta. Mafitar ita ce a raba injiniyoyi gida biyu: rukuni ɗaya ya nazarci abin da BIOS ɗin IBM ke yi ya rubuta bayaninsa, rukuni na biyu, wanda bai taɓa ganin rubutun IBM ba, ya rubuta sabo daga wannan bayani. Kamfanin Compaq, wanda Rod Canion da Jim Harris da Bill Murto suka kafa a Houston a 1982, ya rubuta nasa BIOS ba tare da kwafa ba, ya kuma yi cinikin dala miliyan 111 a shekararsa ta farko ta sayarwa. A 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da irin wannan BIOS ga duk mai so, ƙofa ta buɗe wa masu haɗa kwamfuta daga Taiwan har zuwa Ingila, inda Amstrad ya fitar da PC1512 a 1986 a kan fam 399 ban da haraji.

Ma'aunin ya yi ƙarfin da har ya gagari mai shi. PCjr da IBM ta fitar domin gidaje a 1984 ba ta ɗaukar duk manhajojin yayarta, aka daina ƙera ta a 1985. A 1986 Compaq ya riga IBM fitar da kwamfuta mai masarrafar 80386. Da IBM ta yi ƙoƙarin dawo da ragama hannunta a 1987 ta hanyar jerin PS/2, mai sabon tsarin ramukan haɗi da ake kira Micro Channel, wanda ba ya karɓar tsofaffin katunan haɗi kuma sai an biya ta kafin a yi amfani da shi, kamfanoni tara suka haɗa kai a 1988 suka fito da nasu tsarin mai suna EISA, wanda ke karɓar katunan da jama'a suka riga suka saya. Kasuwa ba ta bi IBM ba, kuma a 2005 ta sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashenta na ƙananan kwamfutoci.

Masu tafarkin kansu

Akwai rukuni na dabam da bai nemi kama da IBM ba tun asali. Amiga 1000, wadda Jay Miner ya jagoranci ƙirarta kuma Commodore ya gabatar a New York a Yulin 1985, tana iya nuna launi 4,096, tana fitar da sauti ta hanyoyi huɗu, tana kuma gudanar da manhajoji da dama a lokaci guda, alhali yawancin kwamfutocin ofis na zamanin aiki ɗaya suke yi a lokaci guda, da launi ƙalilan ko babu. Duk da haka Lotus 1-2-3 ba ta taɓa fitowa a kanta ba, haka ma Microsoft Word, kuma ofishin da ya riga ya tara fayilolinsa ya horar da ma'aikatansa a kan waɗannan manhajoji ba shi da dalilin sauya sheƙa. Commodore ya yi ƙoƙarin cike giɓin da wani akwatin haɗi mai suna Sidecar, daga baya da katin Bridgeboard, waɗanda a zahiri kwamfutar IBM ce aka liƙa wa Amiga, amma kuɗinsu ya kusa na sayen cikakkiyar na'ura mai dacewa. Inda Amiga ta yi ƙarfi shi ne gidajen Turai, musamman bayan fitowar Amiga 500 a 1987, da ɗakunan haɗa bidiyo, albarkacin na'urar Video Toaster ta kamfanin NewTek a 1990. Ita kuwa Atari ST ta 1985 ta samu gindin zama wajen mawaƙa saboda an gina ta da mahaɗar MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa na lantarki ke karɓar umarni daga kwamfuta, kuma a kanta manhajar Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus ta fara fitowa a 1989.

Waɗannan mafaka ba su ɗore ba, domin yawan masu saye ya ba zuriyar IBM kuɗin da za ta koyi abin da ta rasa: tsarin hoto na VGA ya zo a 1987, katin sauti na Sound Blaster a 1989, Windows 3.0 a 1990, kuma zuwa 1993 manyan wasanni sun fara fitowa a kanta kafin ko'ina. Atari ya bar ƙera kwamfuta a 1993, Commodore ya durƙushe a Afrilun 1994. A Birtaniya kamfanin Acorn ya mamaye makarantu da BBC Micro ta 1981, da taimakon shirin gwamnati na biya wa makarantu rabin kuɗi, sa'annan ya fitar da Archimedes a 1987 da masarrafar ARM wadda ta fi na tsararrakinta sauri, amma iyaye da hukumomin makarantu suka riƙa neman a koya wa yara na'urar da za su tarar a wurin aiki, kuma a 1998 Acorn ya rufe sashen ƙera kwamfutocinsa. Masarrafar ARM ta rayu, ita ce a cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani.

Macintosh ta Apple, wadda ta fito a Janairun 1984, ita kaɗai ta tsira a wannan rukuni, kuma tsirarta ma ta hanyar manhaja ce. Haɗuwar manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus da firintar LaserWriter a 1985 ta ba ta sana'ar tsara littattafai da jaridu, Microsoft kuma ya rubuta mata Word da Excel, ta yadda mai ita bai yanke hulɗa da ofisoshi ba. Lokacin da Apple ya shiga matsi a 1997, yarjejeniyar da ya ƙulla da Microsoft ta ƙunshi jarin dala miliyan 150 da alkawarin ci gaba da fitar da manhajojin Office a kan Macintosh na shekara biyar. A duk sauyin masarrafa da Apple ya yi, a 1994 da 2006 da 2020, sai ya tanadi manhajar da ke fassara tsofaffin umarni zuwa sababbi, domin kada masu amfani su yi asarar abin da suka tara.

Harshe a matsayin ganuwa

Babu abin da ya kare na'urar da ta kauce wa IBM kamar rubutun harshen da IBM ba ta iya nunawa. Rubutun Japananci yana buƙatar dubban alamomin kanji, waɗanda allon IBM na farko ba shi da kaifin fitar da su. Kamfanin NEC ya fitar da PC-9801 a Oktoban 1982 da allo mai ɗigo 640 a kwance da 400 a tsaye, yana adana siffofin alamomin a guntu na musamman, kuma da manhajar rubutu ta Ichitaro ta fito a 1985, na'urar ta riƙe fiye da rabin kasuwar Japan na tsawon shekaru. A can PC-9801 ce ma'auni, har Epson ya riƙa ƙera masu dacewa da ita daga 1987. Ganuwar ta rushe ne a 1990, lokacin da reshen IBM na Japan ya fitar da DOS/V, babbar manhajar da ke zana kanji daga faifai a kan allon VGA ba tare da guntu na musamman ba. A Oktoban 1992 Compaq ya shiga Japan da farashin da ya kai kusan rabin na NEC, Windows kuma ta shafe bambancin da ke tsakanin na'urorin biyu a idon mai amfani, har a 1997 NEC da kansa ya koma tsarin gama-gari. Makamancin haka ya faru a ƙasashen Larabawa, inda kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, ƙarƙashin Muhammad al-Sharikh, ya sanya wa kwamfutocin tsarin MSX na Japan rubutun Larabci ya sayar da su da sunan Sakhr, tare da manhajojin karatu da na addini, suka shiga gidaje da makarantu a shekarun 1980. Da Windows ta samu Larabci, kamfanin ya karkata ga rubuta manhaja.

Da'irar da ke ciyar da kanta

Masana tattalin arziki Michael Katz da Carl Shapiro sun yi bayanin wannan yanayi a 1985: akwai hajar da darajarta ke ƙaruwa gwargwadon yawan masu amfani da ita. Masu rubuta manhaja suna bin na'urar da ta fi masu saye, masu saye suna bin wadda ta fi manhaja, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa, kamar yadda mai sayen mota ke fara tambayar kayan gyaranta da makanikan da suka san ta kafin ya tambayi gudunta. A shari'ar gwamnatin Amurka da Microsoft, alƙali Thomas Penfield Jackson ya bayyana a Nuwamban 1999 cewa Windows na da manhajojin aiki fiye da 70,000, Macintosh kimanin 12,000, babbar manhajar OS/2 ta IBM kuwa kimanin 2,500, ya kuma ɗauki wannan tazara a matsayin shingen da ke hana sabon mai gasa shiga kasuwa. Labarin OS/2 ya nuna cewa dacewar aro ma tana da nata haɗarin, domin da yake tana iya ɗaukar manhajojin Windows 3.1, kamfanoni da yawa ba su ga buƙatar rubuta mata nata ba.

Kwamfuta ta yaɗu a Nijeriya da Nijar ne bayan an riga an gama wannan gasa, shi ya sa kamfanonin cikin gida irin su Zinox, wanda ya fara a 2001, suka haɗa na'urori masu ɗauke da Windows. Shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro na Nicholas Negroponte, wanda aka gwada a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, ya zo da na'urar XO mai tsarin Linux, amma a 2008 sai da ya amince a sanya mata Windows XP saboda gwamnatoci da dama abin da suke nema ke nan. Masu rubutun Hausa sun ɗanɗana matsalar dacewa ta fuskar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda babu su a jerin haruffan kwamfutocin farko. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun ƙirƙiro zubin haruffa na musamman domin cike wannan giɓi, abin da ya taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai, sai dai rubutun da aka yi da irin wannan zubi yakan rikice idan aka buɗe shi a na'urar da ba ta da shi. Matsalar ta fara warwarewa ne da manhajoji suka rungumi Unicode, ma'aunin duniya da ya ba kowane harafi lamba tasa, wanda ya ƙunshi haruffan Hausa tun farkon shekarun 1990.

Tarihin nan ya tabbatar da cewa kwamfutar da ta kauce wa tsarin masu rinjaye tana rayuwa ne muddin tana biyan wata buƙata da su ba sa biya, ko harshe ne ko kiɗa ko ɗab'i, kuma ranar da suka koyi biyan wannan buƙata kwananta ya ƙare, sai fa idan ta tanadi hanyar da masu amfani da ita za su ci gaba da musayar aiki da sauran jama'a. Asarar da aka yi ta gaskiya ce, domin dabarun da Amiga da Archimedes suka zo da su sun ɗauki shekaru kafin su isa hannun mafi yawan mutane. Ga al'ummar da harshenta ke neman gurbi a na'urorin zamani, abin da ya fi ɗorewa shi ne a shigar da haruffanta da kalmominta cikin ma'aunan da kowace na'ura ke karantawa, a kuma adana rubuce-rubucenta a tsarin da ba mallakin kamfani ɗaya ba ne.